Yadda ake karanta idon mahaukaciyar guguwa a hoton rada daga nan Accra

Da wuya ka shiga gida a Nima ko Mamobi ko Zangon Madina ka rasa mai ɗa ko ƙane ko miji a Amurka. Wasu suna Bronx, wasu Houston, wasu kuma can Florida. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwa ne a tekun Atlantika, kuma da zarar an ce wata ta doshi gaɓa sai hotuna su cika WhatsApp: wani dunƙulen ja da rawaya da kore, da rami a tsakiyarsa. Yawancinmu sai mu ce Allah Ya kiyaye, mu tura wa na gaba. Addu'ar ta dace. Sai dai hoton nan karanta shi ake yi, kuma duk mai waya da 'yar data zai iya koyo. Wanda ya iya zai gane ko guguwar tana ƙara ƙarfi, ko tana sassautawa, ko kuwa tana cikin hali na uku wanda ya fi yaudarar mutane, wato lambarta ta sauka amma ɓarnar da za ta yi ta ƙaru.

Mu nan ba ta zuwar mana. Accra tana kan digiri 5 da rabi arewa da layin ikwaita, inda juyawar duniya ba ta da tasirin da zai murɗa hadari ya zama guguwa mai ido. Ga shi kuma ruwan gaɓarmu yana yin sanyi daga Yuli zuwa Satumba, alhali ita guguwar sai da ruwa mai ɗumin digiri 26 da rabi ko fiye. Amma asalinta daga yankinmu yake. Hadarin da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma a damina, wanda ke faɗawa teku ta wajen Senegal da Gini duk bayan kwana 3 zuwa 5, shi ne tushen kusan kashi 85 cikin 100 na manyan guguwowin Atlantika. A ƙarshen Agustan 2015 guguwar Fred ta ratsa tsibiran Cape Verde da cikakken ƙarfinta, abin da ba a gani ba tun 1892.

Mataki na farko: samo hoton daga tushe, ka duba lokacinsa

Kada ka yi aiki da hoton da aka turo maka. Sau da yawa na wata guguwa ce ta shekarun baya. Ka buɗe radar.weather.gov, shafin hukumar yanayi ta Amurka, kyauta ne. A gefe kuma ka buɗe nhc.noaa.gov, shafin cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami, domin ita ce ke fitar da sanarwar hukuma. Mai son zurfafawa akwai manhajar RadarScope, ta kuɗi ce, amma tana nuna abin da kowace rada ta gani ba tare da an yi masa kwalliya ba.

Amurka tana da na'urorin rada na yanayi kusan 160, kowace da lambarta ta haruffa huɗu. KAMX ta Miami ce, KBYX ta Key West, KTBW ta Tampa, KHGX ta Houston, KOKX ta New York, TJUA ta Puerto Rico. Ka zaɓi rada guda, wadda ta fi kusa da guguwar, maimakon babban hoton da aka haɗa na ƙasa baki ɗaya.

A nan mu 'yan Gana muna da sa'a. Lokacin da ake rubutawa a jikin hoton, wanda ke da harafin Z ko UTC a bayansa, daidai yake da agogon Accra, ba ragi ba ƙari. Idan ka ga 1830Z, ƙarfe shida da rabi ne na yammarmu. Daga Yuni zuwa farkon Nuwamba yawancin Florida da New York suna bayanmu da awa 4, Houston da awa 5, bayan nan kuma tazarar tana ƙaruwa da awa ɗaya. Cibiyar Miami tana fitar da cikakkiyar sanarwa sau huɗu a yini, ƙarfe 3 na dare, 9 na safe, 3 na rana da 9 na dare agogonmu, ta kuma ƙara wasu a tsakani idan an yi gargaɗi ga wata gaɓa.

Mataki na biyu: fahimci abin da launukan ke faɗa

Rada ba kyamara ba ce. Sigina take harbawa, ta jira amsa-kuwwar da za ta dawo bayan siginar ta bugi ɗigon ruwa ko ƙanƙara a cikin hadari. Gwargwadon girman ɗigon da yawansu, gwargwadon ƙarfin abin da ke dawowa. Wannan shi ne hoton da aka rubuta wa Reflectivity, kuma awonsa dBZ ne. Wajen 20, mai launin kore, yayyafi ne. Wajen 40, rawaya zuwa ruwan goro, ruwa ne sosai. Daga 50 zuwa sama, ja da shunayya, ruwa ne kamar da bakin ƙwarya.

Abin da ya kamata ka riƙe: wannan hoton ruwa yake nunawa, ba iska ba. Ja ba ya nufin nan ne iska ta fi ƙarfi kai tsaye. Muna amfani da siffar ruwan ne mu gane yadda iskar ta tsaru.

Mataki na uku: duba nisan guguwar daga radar

Mutane da yawa a nan suke yin kuskure. Siginar rada miƙe take tafiya, duniya kuwa a gantsare take, don haka duk nisan da siginar ta yi sai ta ƙara yin sama. Ko da an sunkuyar da ita zuwa rabin digiri, a nisan kilomita 100 tana kusan kilomita ɗaya da rabi a sama, a kilomita 200 ta kai kusan kilomita 4, a kilomita 230 ta wuce 5. Ma'ana, idan guguwar tana can nesa, kanta kawai kake gani, ƙafafunta suna ɓoye. Ɓangaren da ya fi nisa da radar zai yi kamar babu ruwa, idon ya yi kamar a buɗe ta baya, alhali a rufe yake. Idan tsakiyar guguwar ta wuce kilomita 250 daga radar, ka kalla kawai, kada ka yanke hukunci. Haka nan idan ka ga guguwar tana ƙara ja yayin da take matsowa, ka tambayi kanka ko ƙarfi ta ƙara, ko kuwa radar ce ta fara ganinta da kyau.

Mataki na huɗu: ido da katangarsa

Ramin tsakiya shi ne ido. Can iska tana gangarowa daga sama a hankali, tana busar da gajimare, shi ya sa babu ruwa, wani lokaci har rana ko taurari ake gani. Faɗinsa yawanci tsakanin kilomita 30 ne zuwa 65. Zoben hadarin da ya kewaye shi shi ne katangar ido, kuma nan ne mugun wurin: iska mafi ƙarfi da ruwa mafi yawa. Katangar ba a tsaye take cak ba. Ta yi kama da ƙwarya, gindinta a tsuke, bakinta a buɗe, don haka idon da rada ta gani daga nesa yakan fi na ƙasa faɗi. Daga wajen katangar kuma akwai rassan hadari da ke murɗowa ciki, saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa, domin haka guguwar arewacin duniya take juyawa. Ta kudanci, irin Idai da ta afka wa Beira a Mozambik a Maris ɗin 2019, ita kuwa tare da hannun agogo take bi.

Tambayoyi uku za ka yi wa katangar.

Ta rufe? Katangar da ta zagaye idon gaba ɗaya, rawaya da ja ba yankewa, alamar guguwa ce mai lafiya wadda ke iya ƙara ƙarfi. Dalili shi ne tururin da ke tashi daga ruwan teku mai ɗumi yana sakin zafi idan ya koma ruwa a cikin hadari, kuma idan wannan zafin ya taru a kewayen tsakiya ta kowane gefe, matsin iska a cikin ido yana sauka, iskar waje ta ƙara kwararowa da gudu. Idan kuwa ka ga katangar rabi ce, kamar jinjirin wata, ruwan duk ya tattaru a gefe guda, to akwai abin da ke damunta. Ko dai iskar sama da ta ƙasa sun saɓa wajen gudu da alkibla har sun karkatar da ita, ko busasshiyar iska ta kutsa ciki. Mu da muka san hunturu mun san irin wannan iskar: ƙurar Sahara tana tashi ta haye Atlantika, kuma ta sha shaƙe guguwa tun tana ƙarama.

Zagaye take sumul, ko tana da kusurwa? Wani lokaci idon yakan zama mai kusurwa huɗu ko biyar, ko ka ga gefen katangar ta ciki yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da ke zagayawa. Ƙananan guguwowi ne a cikin babbar, kuma an fi ganinsu a guguwa mai tsananin ƙarfi ko wadda ke ƙara ƙarfi da sauri. An ga haka a Isabel a 2003, da Harvey a 2017, da Michael a 2018, wadda ta ci gaba da ƙara ƙarfi har ta taka ƙasa a Florida ranar 10 ga Oktoba da iska mai gudun kilomita 260 a awa. Irin wannan ƙaramar guguwa ce ta kusa kayar da jirgin bincike na NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, a cikin Hugo a Satumban 1989, ya fito da inji guda a mace. Duk unguwar da ɗaya daga cikinsu ta bi ta kai, ɓarnarta tana fin ta maƙwabta.

Mene ne faɗin idon? Akwai ma'aunin nisa a kusurwar taswira, ko a cikin manhaja. Auna daga gefen ciki na katanga zuwa ɗaya gefen, ka rubuta a takarda tare da lokaci. Lamba ɗaya ba ta faɗa maka komai. Sai ka sake aunawa bayan awa biyu sannan magana ta fito.

Wani abin tausayi da masu rada ke gani a cikin ido: tsuntsayen teku da guguwa ta ritsa da su, sun kasa ratsa katangar, suna ta shawagi a ciki har ta kai su tudu. Tun da aka kammala inganta radar Amurka a 2013 ta yadda take bambanta siffar abin da ta buga, ana iya rarrabe su da ɗigon ruwa.

Mataki na biyar: kunna motsi

Rada tana sabunta hoto duk bayan 'yan mintuna, kusan 4 zuwa 6. Ka danna maɓallin da ke jera hotunan su yi motsi, ka kalli na awa ɗaya ko biyu. Yana cin data, don haka ba sai ka bar shi a kunne ba. Ka kalla, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka kashe, ka dawo bayan sallar da ke tafe ka kwatanta.

Idan idon yana tsukewa, yana ƙara tsabta, katangar tana ƙara kauri da ja, guguwar tana ƙara ƙarfi. Iskar da ke zagaye, duk lokacin da aka matso da ita kusa da tsakiya sai gudunta ya ƙaru. Masana suna cewa guguwa ta yi saurin ƙarfafa idan gudun iskarta ya ƙaru da kilomita 55 a awa cikin awa 24. Wilma a Oktoban 2005 ta tsuke idonta har ya koma ƙasa da kilomita 4, matsin iskarta ya sauka zuwa milibar 882, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atlantika. Otis kuwa cikin kusan kwana guda ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa rukuni na 5, wato mafi ƙarfi a rukunai biyar da ake kasa guguwa, ta faɗa wa Acapulco a Mexico ranar 25 ga Oktoban 2023, mutane ba su gama shiri ba.

Za ka lura idon ba ya tafiya a miƙe, yana ɗan tangaɗi hagu da dama. Kada tangaɗin minti 30 ya sa ka kira ɗan'uwanka ka ce ta kauce musu. Sai ta yi awa uku ko fiye tana bin sabuwar hanya sannan a ce ta juya.

Mataki na shida: katanga biyu

Wannan shi ne abin da ya sa na zauna rubuta wannan bayani, don haka a yi haƙuri in daɗe a kai.

Guguwar da ta yi ƙarfi sosai, musamman daga rukuni na 3 zuwa sama, wato iska mai gudun kilomita 178 a awa ko fiye, ba ta cika zama da katanga guda ba. Rassan hadarin da ke waje sukan haɗu su yi sabon zobe, su kewaye tsohuwar katangar. A rada za ka ga ido, sai ƙaramin zobe ja, sai wani fili mai kore ko babu komai kamar gwalalon da ke bayan ganuwa, sannan babban zobe a waje. Da zarar na wajen ya rufe, shi ke tare iska mai laima da ke shigowa daga teku, na ciki ya rasa abin da ke ciyar da shi. Sai ka ga na cikin ya fara yankewa, ya koma baka, ya koma 'yan gutsattsari masu zagayawa, ya ɓace. Babban zoben ya zama sabuwar katanga, da sabon ido mai faɗi, sannan shi ma ya fara tsukewa. Sauyin yakan ɗauki daga rabin yini zuwa kwana ɗaya da rabi, wani lokaci fiye.

A tsawon wannan lokaci gudun iska mafi ƙarfi yana raguwa, sai labarai su ce guguwar ta sauka daga rukuni na 5 zuwa na 4, ko daga 4 zuwa 3. Mai sauraro sai ya yi ajiyar zuciya. Alhali abu biyu ne suka faru. Na ɗaya, faɗin wurin da muguwar iska ta mamaye ya ƙaru, don haka garuruwan da za ta taɓa sun ƙaru, kuma ruwan tekun da take turawa gaɓa ya fi yawa. Na biyu, idan ta gama sauyin tana kan ruwa mai ɗumi, tana iya komawa ƙarfinta na da ko ta wuce.

Maria ta nuna na farko. Kafin ta sauka a Puerto Rico ranar 20 ga Satumban 2017 ta sauya katanga, ta sauko daga rukuni na 5 zuwa na 4, amma faɗin idonta ya ninka kusan sau uku, daga wajen kilomita 17 zuwa sama da 50, sai muguwar iskar ta shafi yanki mafi girma na tsibirin. Ian ta nuna duka biyun. Bayan ta bar Cuba ranar 27 ga Satumban 2022, radar Key West ta nuna sauyin katangar ƙarara cikin dare, gari na wayewa ta ƙara ƙarfi, ta sauka a Cayo Costa da ke gaɓar Florida da iska mai gudun kusan kilomita 240 a awa. A daidai wannan wuri, da daidai wannan gudun iska, Charley ta sauka a Agustan 2004. Rukuninsu ɗaya. Amma Charley 'yar ƙarama ce, tumbatsar tekunta ba ta wuce kusan mita 2 ba, ita kuwa Ian ta tura ruwa mai tsayin mita 3 zuwa 4 da rabi a kan Fort Myers Beach. A ganina wannan misalin kaɗai ya isa mutum ya daina dogara da lambar rukuni ita kaɗai.

Ilimin nan ma da wahala aka same shi. Daga 1962 zuwa 1983 gwamnatin Amurka ta gudanar da wani shiri mai suna Stormfury, inda jirage ke zuba sinadarin azurfa a cikin hadarin da ke wajen katanga da nufin a haifar da sabon zobe don guguwar ta yi rauni. Da aka gwada a kan Debbie a 1969 iskarta ta ragu, aka yi murna. Daga baya binciken Hugh Willoughby da abokan aikinsa, wanda ya fito a 1982, ya nuna cewa guguwar da ba a taɓa ta ba ma tana yin wannan sauyi da kanta.

Abin lura a nan: ba duk reshen hadari da ya lanƙwasa ba ne sabuwar katanga. Ka jira ya zagaye aƙalla kashi uku cikin huɗu na tsakiya, ya kuma dawwama a hotuna masu motsi. Kuma ba kowane sauyi ne ke kammala ba, wani saɓanin iska ko tudu ke katse shi.

Mataki na bakwai: hoton iska

Yanzu ka koma hoton da aka rubuta wa Velocity. Nan rada tana auna gudun ɗigon ruwa, ko suna nufo ta ko suna barinta. Kore na nufin suna tahowa wajen radar, ja na nufin suna tafiya. Ka fara gano inda radar take a taswira, in ba haka ba za ka karanta shi a juye. A kewayen ido za ka ga kore mai haske a gefe ɗaya, ja mai haske a ɗaya gefen, da layi mai toka-toka a tsakani inda iskar ke gilmawa ta gaban radar, ba ta zuwa ba ta tafiya. Rabin tazarar da ke tsakanin kore mafi haske da ja mafi haske shi ne nisan iska mafi ƙarfi daga tsakiya. Idan akwai katanga biyu, za ka ga wurin haske biyu a kowane gefe, kuma lokacin da na waje ya fi na ciki haske, sauyin ya kusa ƙarewa.

Idan lambobin da kt aka rubuta, ka ninka da 1.85 ka sami kilomita a awa. Idan mph ne, ka ninka da 1.6. Ka tuna kuma iskar sama ce radar ke aunawa. Wadda aka auna a tsayin kilomita 3, masana sukan ɗauki kusan kashi 90 cikin 100 nata a matsayin ta ƙasa a cikin katanga. Iska mafi ƙarfi tana wajen mita 500 daga ƙasa, shi ya sa mai zama a saman dogon bene yake shan iskar da ta fi ta mai zama a ƙasa. In ka ga ɗigon ja tsakiyar kore mai haske, ko akasin haka, yawanci gudun ne ya wuce iyakar awon na'urar.

Gefen dama na hanyar da guguwar ke bi shi ne ya fi muni a arewacin duniya, domin can gudun tafiyarta yana haɗuwa da gudun juyawarta, kuma can ne take turo teku kan tudu. A rassan waje na wannan gefen ne kuma ake samun 'yan guguwowin nan masu tsiri da ke tumɓuke rufin gida, kamar yadda aka gani da yawa a Florida kafin Milton ta sauka a Oktoban 2024.

Wata rana hoton zai tsaya cak. Andrew ta cire radar cibiyar Miami daga kan rufi a 1992, Maria ta farfasa ta Puerto Rico, Laura ta lalata ta Lake Charles a 2020. Sai ka koma rada ta kusa da ita.

Mataki na takwas: idan guguwar tana tsakiyar teku

Can babu radar ƙasa. Jiragen NOAA masu rada a wutsiya da na sojan saman Amurka ne ke ratsa katangar, su jefa na'urorin awo su sauka da lema. Sakamakon yana fitowa a shafin cibiyar Miami ƙarƙashin Discussion. Da Ingilishi ne, amma ka nemi kalmomin eyewall replacement (sauyin katanga), da concentric (zobe cikin zobe), da rapid intensification (saurin ƙarfafa), ka kuma duba lambar matsin iska: tana sauka, ƙarfi na ƙaruwa. Akwai kuma rada a sararin samaniya, a kan tauraron GPM na Amurka da Japan da aka harba a 2014. Wanda ya gabace shi, TRMM, shi ya auna hasumiyar hadari mai tsayin kusan kilomita 18 a cikin Bonnie a 1998, kuma irin waɗannan hasumiyoyi a kusa da ido sukan zo gabanin ƙarin ƙarfi.

Kada ka jira sai guguwa ta taso ka fara koyo. Brian McNoldy na Jami'ar Miami ya tara hotunan rada masu motsi na guguwowin baya a intanet. Ka nemi na Ian da na Maria, ka kalle su da takarda a hannu, ka gwada nuna lokacin da zoben waje ya rufe. Matasan da ke zaman ataya za su iya yin wannan tare a waya guda. Idon da ya saba da wannan zai kuma amfane ka a gida, wajen bin layin hadarin da ke taso mana daga gabas ta Togo da yankin Volta. Sai dai ka sani yawancin abin da manhajoji ke nunawa a kan Gana ƙiyasi ne daga tauraron ɗan'adam ko lissafin kwamfuta, don haka sanarwar hukumar yanayi ta GMet da ta NADMO ita ce abin bi. Wanda ya ga abin da ruwan 3 ga Yunin 2015 ya yi a Circle ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na tara: abin da za ka faɗa idan ka kira

Karatun rada bai mayar da kai mai hasashen yanayi ba, kuma bai kamata ka taɓa amfani da shi ka ce wa wani ya zauna alhali hukuma ta ce a fice ba. Amfaninsa shi ne ka ƙarfafa wa mai shakka gwiwa. Idan yayarka a Tampa ta ce an ce ta ragu zuwa rukuni na 3, kai kuma ka ga zobe biyu, ka ce mata: Yaya, faɗi ta ƙara, ruwan teku ne abin tsoro, in an ce unguwarku ta tashi ku tashi tun hanya ba ta cushe ba. Wani bincike na cibiyar Miami kan shekarun 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma na waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a Amurka ruwa ne ya ci su, ba iska ba, kuma kusan rabi tumbatsar teku ce.

Ka gaya wa ɗan'uwanka idan iska ta tsaya cak a tsakiyar tashin hankali, ido ne ke wucewa, kada ya fita duba mota. Ɗaya gefen katangar yana tafe, daga wata alkibla dabam, kuma ba ya sallama. Daga hoton za ka iya ƙiyasta masa lokacin: ido mai faɗin kilomita 30 da ke tafiyar kilomita 20 a awa, awa ɗaya da rabi ne ga wanda ke daidai tsakiya, ga na gefe kuwa 'yan mintuna.

Mutanenmu na New York su ma a kira su, ko da guguwar ta rasa ido tun a kudu. Ida ta sauka a Louisiana ranar 29 ga Agustan 2021, bayan kwana uku ragowarta ta zubar da ruwa kusan milimita 80 cikin awa guda a Central Park, kuma yawancin waɗanda suka rasu a birnin a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ruwan ya same su. Idan ka buɗe KOKX ka ga ja yana bin ja a layi ɗaya a kan unguwa guda ba ya gushewa, kuma ka san ɗanka ko ƙanenka a irin wannan ɗaki yake haya, ka kira shi nan take ya hau sama wajen maƙwabta, ya ɗauki fasfo da takardunsa a leda, da caja, kada ya jira ruwa ya taɓa ƙofa.